VCD, DVD da LaserDisc: wane faifai ne ya fi kyan hoto da sauti?

A watan Janairun 2025 kamfanin Sony na ƙasar Japan ya sanar cewa daga Fabrairu zai daina ƙera faifan Blu-ray wanda ake saye babu komai a kansa, tare da kaset ɗin MiniDV da masu ɗaukar biki suka daɗe suna aiki da shi. Kafin nan, a Satumban 2023, Netflix ya rufe sashensa na aika wa mutane faifan DVD ta gidan waya a Amurka, sana'ar da ya fara tun 1998. Labaran sun zagaya a wayoyi da ƙarin gishiri, har wasu suka ɗauka an soke faifai baki ɗaya, ko kuwa na'urorin da ke gidaje za su daina karanta shi. Ba haka abin yake ba. Wanda Sony ya daina shi ne faifan da mutum ke naɗa wa abu da kansa. Fina-finan da masana'antu ke bugawa suna nan suna fitowa, kuma wasu kamfanoni na ci gaba da yin faifai marasa komai.

Sai dai maganar ta tono wata tambaya da ta shafi gidaje da yawa a Yamai. Akwai kwali ko jakar leda a ƙarƙashin gado cike da faifai: fina-finan Kano da na Indiya, wa'azi, kokawar takobi, bikin aure da suna. Wasu an rubuta musu VCD, wasu DVD. Mai gida ya sayi sabon talabijin mai shafaffen allo, ya saka faifan aurensa, sai ya ga fuskoki sun dagule fiye da yadda ya san su. Mai tura fina-finai a kasuwa ya ce masa a juye a memori, wani kuma ya ce a mayar da shi DVD ya ƙara kyau. Kafin a san wanda za a bi, sai an san abin da kowane faifai ke ɗauke da shi.

Ma'auni uku

Na farko shi ne yawan ɗigon da suka haɗu suka zama hoto. Hoton dijital saƙa ce ta ƙananan murabba'ai, kamar tabarmar kaba: daga nesa zanen sumul yake, in ka matso sai ka fara ganin kowace saƙa. VCD na da ɗigo 352 a faɗi da 288 a tsaye, wato 101,376 ke nan. DVD na da 720 da 576, jimla 414,720, ninki huɗu da ɗoriya. Blu-ray na da 1920 da 1080, sama da miliyan biyu. Alƙaluman VCD da DVD ɗin nan na tsarin PAL ne, wanda ya fi yawa a faifan da ke zuwa wannan yanki. Na tsarin NTSC, wato na Amurka da Japan, layukansa na tsaye sun fi kaɗan, 240 a VCD da 480 a DVD.

Na biyu shi ne matsewa. Hoto 25 ke wucewa a kowane sakan, kuma in aka ce a ajiye kowanne cikakke, faifan sidi ba zai ɗauki ko minti ɗaya ba. Dabarar da ake kira MPEG ita ce a ajiye cikakken hoto kusan sau biyu a sakan, a tsakani kuma a rubuta abin da ya canza kawai. Idan malami na zaune yana karatu a gaban bango, abin da ke canzawa kaɗan ne, hoto na fita tas. Idan ƴan kokawa biyu suka sarƙe, ƙura ta tashi, mai kyamara na bin su, komai na canzawa lokaci guda, bayanan da aka ware wa sakan ɗin ba za su isa ba, sai hoto ya farfashe gida-gida. Yawan bayanan da ake ware wa kowane sakan ana auna shi da kilobit ko megabit (megabit ɗaya kilobit dubu ne), kuma shi ne ma'aunin da ba a rubutawa a bangon faifai, alhali ya fi yawan ɗigo tasiri a abin da ido ke gani.

Na uku shi ne asalin da aka kwafo. Faifai ba ya ƙara wa hoto abin da babu shi. Wannan ne ke warware yawancin gardamar da za ta zo a gaba.

LaserDisc, babban faifan da bai zauna a nan ba

Faifan bidiyo na farko da hasken leza ke karantawa ya shiga kasuwa a birnin Atlanta na Amurka a Disamban 1978, aikin kamfanonin MCA da Philips, daga baya Pioneer na Japan ya zama jagoransa. Faɗinsa santimita 30, girman faifan garmaho. Yana sheƙi kamar sidi, amma hotonsa ba dijital ba ne, analog ne irin na talabijin ɗin da, saboda haka ba a matse shi ba kuma ba ya farfashewa gida-gida. Kaifinsa daga hagu zuwa dama ya kai layi 425 zuwa 440, alhali kaset ɗin VHS na tsayawa wajen 240. Shekara kusan ashirin da wuya a samu abin kallo na gida da ya kai shi kyau.

Abin da ya kayar da shi tsada ce da wahala. Kowace fuska awa ɗaya take ɗauka, wani nau'in ma rabin awa, don haka dole a tashi a juya faifai a tsakiyar fim. Ba a naɗa a kansa. Wasu faifan da aka yi da gam maras kyau kuma iska na shiga tsakanin ɓangarorinsu biyu, ƙarfen ciki ya lalace, hoto ya cika da ɗigo-ɗigo masu launi. Ya samu karɓuwa a Japan da Hong Kong da wurin masu son fim a Amurka, Pioneer kuma ya daina ƙera na'urarsa a 2009. A Nijar bai taɓa zama kayan gida ba. Wanda ya ci karo da shi cikin kayan hannu a kasuwar Katako ya sani cewa babu na'urar VCD ko DVD da za ta karanta shi.

An yi wasu biyu da allura ke karantawa maimakon haske: CED na kamfanin RCA a 1981, wanda aka daina ƙera na'urarsa a 1984 bayan asara mai yawa, da VHD na JVC a 1983, wanda bai fita Japan sosai ba. Hotonsu bai yi wa kaset nisa ba.

Yadda VCD ya ci kasuwa

A 1993 kamfanoni huɗu, Philips da Sony da Matsushita da JVC, suka amince da ƙa'idar saka fim a faifan sidi mai santimita 12. Sharaɗin da suka ɗora wa kansu shi ne faifan ya juya da saurin sidin waƙa, wanda ke fitar da kimanin megabit 1.4 a sakan. Daga ciki aka ba hoto kilobit 1,150, sauti kilobit 224. Wannan kason a tsaye yake, ba ya ƙaruwa a wurin rawa ko faɗa, ba ya raguwa a wurin zama. Shi ya sa faifan ke ɗaukar minti 74 ko 80 daidai da sidin waƙa, shi ya sa kuma fim ɗin Indiya mai awa uku ke zuwa a faifai uku.

Turai da Amurka ba su kula shi ba, don suna da kaset da ake iya naɗa shirin talabijin a kai. Asiya ce ta rungume shi. Masana'antun Sin suka cika duniya da na'urori masu araha, buga faifai ya fi juyar kaset sauƙi da sauri, babu makullin hana kwafa, babu mayar da zare baya. Daga can ya shigo Afirka ta Yamma. Fina-finan Hausa, da suka fara fitowa a kaset a Kano a 1990, sun koma VCD a shekarun 2000, kuma kayan kasuwar Ƙofar Wambai suka riƙa tsallako iyaka ta Maraɗi da Damagaram da Ƙonni zuwa Tawa da Yamai. Gidajen kallo na unguwa da fadojin samari duk da shi suka rayu.

Akwai wani abu a ƙirarsa da ya bayyana halinsa in ya tsufa. Don a samu wurin minti 80, an cire wani kaso na bayanan gyaran kuskure da sidin kwamfuta ke da su. Faifan da a kwamfuta ke ɗaukar megabait 700 sai ya ɗauki kusan 800 na bidiyo. Ribar ke nan. Hasarar kuwa, ƙaramin karce na isa hoto ya tsaya cak, launuka su watse, sifika ta yi wata ƙara mai kaifi, sannan fim ya yi tsalle.

A 1998 an fito da SVCD, wanda Sin ta tsaya wa, mai ɗigo 480 da 576 da matsewar MPEG-2. Ya fi VCD kyau a fili, amma faifai ɗaya ba ya wuce minti 35 zuwa awa ɗaya, kuma DVD ya riga ya iso.

Kaset ko VCD?

Wannan gardama ta fi kowace daɗewa a wurin masu gyaran na'urori da tsofaffin masu gidan kallo, kuma kowane ɓangare na da hujja.

Masu goyon bayan kaset na cewa motsinsa ya fi santsi, kuma gaskiya ne. Kyamarar bidiyo na ɗaukar rabin hoto sau 50 a sakan, kaset na riƙe su duka da layi 576 a tsaye. VCD na zubar da rabi, ya bar layi 288 sau 25. A fim ɗin da aka ɗauka da kyamarar sinima ba a lura da bambancin motsin sosai, amma a ƙwallo da rawa da kokawa da aka ɗauka da kyamarar bidiyo ana gani. Suna ƙarawa da cewa kaset in ya samu rauni layi ne ke gilmawa, kallo na ci gaba, ba ya tsayawa.

Masu goyon bayan faifai na cewa launin kaset na zuba, musamman ja, har rigar mutum ta wuce jikinsa a allo. Hoto na rawa, ana ta murɗa maɓallin saiti. Kowane kallo na cin zaren kaɗan-kaɗan, ƙurar hunturu na toshe kan na'ura, wani lokaci ta tauna kaset ɗin. Uwa uba, kwafin kaset daga kaset na raguwa a kowane juyi, alhali faifai in aka kwafe shi daidai na goma da na farko ɗaya ne.

A kaifi daga hagu zuwa dama su biyun sun yi kusan kunnen doki. Sabon kaset na asali a na'ura mai kyau yana iya fin VCD daɗin kallo. Amma kaset ɗin da ya iso gidan kallo a Tawa sau da yawa juyi na uku ne ko na huɗu, an kuma kalle shi sau ba adadi, don haka mutanen da suka ce faifai ya fi ba su yi kuskure ba a kan abin da idonsu ya gani.

DVD na gaskiya da DVD na suna

DVD ya fito a Japan a Nuwamban 1996, a Amurka a Maris 1997, sannan Turai. Girmansa ɗaya da sidi, amma lezarsa ja ce mai siririn baki, nanomita 650 maimakon 780, don haka ramukan da ke ɗauke da bayanai sun fi ƙanƙanta da cunkoso. Mai hawa ɗaya na ɗaukar gigabait 4.7, mai hawa biyu 8.5. Hotonsa na iya kaiwa megabit 9.8 a sakan, kuma kason na hawa da sauka gwargwadon buƙata. Fim mai awa biyu a faifai mai hawa ɗaya na samun kimanin megabit 5 a sakan. A nan babu gardama da VCD ko kaset, ya fi su nesa ba kusa ba. Da LaserDisc ma, in ban da wasu faifan farko-farko da aka matse da garaje, DVD ya fi tsabtar launi, domin yana ajiye haske da launi daban-daban, LaserDisc kuwa a cakuɗe yake ajiye su.

Matsalar ita ce yawancin abin da aka sayar a kasuwanninmu da sunan DVD ba wannan ba ne. Ƙa'idar DVD ta yarda a saka hoto mai ɗigo 352 da 288, irin na VCD sak. Da wannan ƙofa masu buga faifan nan na "shida a ɗaya" da "goma a ɗaya" suka shiga. Lissafin ba wuya. A ma'aunin VCD, faifai mai gigabait 4.7 na ɗaukar awa bakwai da rabi, mai 8.5 kuma kusan awa 14. Fim shida masu minti 90 awa tara ke nan. In aka cusa su a faifai mai hawa ɗaya, kowane sakan zai samu ƙasa da megabit 1.2, hoto da sauti a haɗe, wato ƙasa da abin da VCD ke bayarwa. Mai saye ya biya kuɗin DVD, ya samu fim da yawa, amma kowannensu bai kai VCD kyau ba. Ga mai gidan kallo da ƙaramin talabijin cinikin bai ɓaci ba, don yawa yake nema. Wanda yake neman kyan hoto shi aka kwara.

Haka nan fina-finan da aka fara fitarwa a kaset ko VCD, daga baya aka sake buga su a DVD. Idan daga kaset ɗin kyamara na asali aka ɗauko, an samu ƙari na gaske. Idan kuwa daga VCD aka juyo, an sake matse abin da aka riga aka matse, sai dai ya ragu. Mai shago zai ce "Alhaji, orijinal ne", kuma yana iya zama da gaskiyarsa ta fuskar wanda ya buga faifan, amma kalmar ba ta faɗin komai a kan asalin hoton.

Akwai kuma rabon yankuna. An kasa duniya shida, Nijar da yawancin Afirka na yanki na 5, Faransa na yanki na 2, Amurka na 1. Na'urar babban kamfani da aka kawo daga Turai na iya ƙin faifan wani yanki. Masu arahar da suka cika kasuwa ba ruwansu da wannan, komai aka ba su suna ci. Blu-ray, da ya fito a 2006 da gigabait 25 ko 50, ya kayar da abokin hamayyarsa HD DVD a Fabrairun 2008, amma kafin ya yi arahar da zai shiga gidaje a nan memori da waya sun riga sun karɓe kasuwar.

Sauti: inda jerin ya juye

Wanda ya fi hoto ba lallai ya fi sauti ba. Daga tsakiyar shekarun 1980 LaserDisc ya samu sautin dijital da ba a matse ba, irin na sidin waƙa, kilobit 1,411 a sakan. DVD na iya ɗaukar irin wannan, amma masu bugawa kan bar wa hoto wurin, su matse sauti da tsarin Dolby Digital, kilobit 192 in na sifika biyu ne, 384 ko 448 in na sifika shida ne. Daga nan masu tara LaserDisc a Amurka da Japan ke kafa hujjar cewa tsohon faifan ya fi cikar sauti. Masu ja da su na cewa sau da yawa bambancin daga yadda aka haɗa sautin a situdiyo yake, ba daga faifan ba, kuma a makance mutane kaɗan ne ke iya rarrabewa. Duka biyun na da ƙamshin gaskiya. LaserDisc ma ya samu Dolby mai sifika shida a 1995, kafin DVD ya fito.

VCD, duk da raunin hotonsa, sautinsa ba abin rainawa ba ne. Kilobit 224 na sifika biyu ya isa waƙa ta fita da kyau, kuma tazarar da ke tsakaninsa da DVD a kunne ba ta kai ta ido ba ko kusa. Kaset ɗin VHS na da sauti iri biyu, wani mai kyau ƙwarai da ake kira Hi-Fi, da wani siriri a gefen zare mai shuu. Na'urori masu araha da masu juyi da yawa na biyun kawai suke aiki da shi. Don haka ranar da gida ya koma VCD daga kaset, abin da ya fi canzawa a zahiri sauti ne, ko da mutane hoto suka fi yabawa.

VCD ba shi da zaɓin harshe ko rubutun fassara da ake kunnawa a kashe. Dabarar da aka yi ita ce a sa harshe ɗaya a sifikar hagu, wani a ta dama, shi ya sa rimot ke da maɓallin L/R. Wanda ya taɓa jin murya biyu na magana lokaci guda a faifai, ko kiɗa ba muryar mawaƙi, maɓallin ne bai saita ba. DVD na ɗaukar sauti har takwas da rubutun fassara har 32.

Wani abin da ba kowa ya sani ba: fim ɗin sinima hoto 24 yake a sakan, PAL kuwa 25, sai kawai a ƙara masa sauri da kashi 4 cikin 100. Fim mai awa biyu na raguwa da kusan minti biyar, murya da waƙa su ɗan ƙara sirancewa. Wannan ya shafi fina-finan Indiya da na Amurka a kaset da VCD da DVD na tsarin PAL duka. Bai shafi abin da aka ɗauka da kyamarar bidiyo a Kano ko Yamai ba.

A ƙarshe dai, sifikar cikin talabijin, ga fanka na juyawa ga janareta na ruri a waje, ba za ta nuna ko ɗaya daga cikin waɗannan bambance-bambance ba. A fina-finan gida da faifan biki kuma, makirufon da aka ɗauki maganar da shi ne ke yanke hukunci tun kafin a zo ga faifai.

Me ya sa tsohon faifai ke muni a sabon talabijin

Faifan bai canza ba, allon ne ya canza. Talabijin mai ƙeya na inci 14 ko 21 yana zana hoto da haske mai laushi wanda ke shafe gefunan murabba'ai. Shafaffen allo mai ɗigo 1920 da 1080 dole ya shimfiɗa kowane ɗigon VCD a wurin ɗigo da yawa nasa, kuma girmansa inci 43 ne ko 55, a ɗaki ɗaya da tazara ɗaya. Duk aibin da tsohon ya rufe, sabon na tona shi.

Wasu gyare-gyaren ba sa cin ko dala. Tsofaffin faifai a fasalin 4:3 suke, sabon allo 16:9, kuma in aka bar shi ya cika allon da ƙarfi sai fuskoki su baje. A mayar da shi 4:3, a haƙura da baƙin da ke gefe. A rage saitin kaifi, don shi ke ƙara fito da gida-gidan. Sai waya. Wayar nan mai kai uku, ruwan ɗorawa da ja da fari, ita ce mafi rauni, domin tana cakuɗa haske da launi a hanya ɗaya. Ga VCD asarar ba ta da yawa, amma ga DVD na gaskiya ana zubar da wani kaso na kyansa. Wayar Peritel mai faɗin kai da ke zuwa da kayan Faransa ta fi ta in an saita na'urar a RGB, haka mai kai kore da shuɗi da ja, HDMI kuma ta fi su duka.

Hoto baƙi da fari kuma yawanci ba lalacewa ba ce. Talabijin ɗin Nijar ya taso a tsarin SECAM irin na Faransa, Najeriya na PAL, na'urorin faifai kuwa PAL ko NTSC suke fitarwa. Tsohon akwatin da SECAM kaɗai ya sani zai nuna hoto ba launi. Haka faifan NTSC a akwatin da bai san shi ba, kuma maɓallin P/N a rimot na magance wannan a na'urori da yawa.

Mai kwalin faifai

Fina-finan kasuwa da yawa ana samun su a wani wuri. Abin da ba shi da na biyu shi ne faifan biki, walimar sauka, wa'azin malamin unguwa, wasan makaranta. Su ne kuma suka fi rauni, don ba a masana'anta aka buga su ba, a kwamfuta aka ƙona su. A juya faifan a duba cikinsa. Bugun masana'anta fari ne kamar azurfa. Wanda aka ƙona yana da launi, shunayya in DVD ne, kore-kore ko shuɗi-shuɗi in sidi ne, kuma ana iya ganin iyakar inda rubutu ya tsaya kamar zobe. Launin nan rini ne, shi ke riƙe da bayanan, kuma rana da zafi na kashe shi. Faifan da ya kwana a mota ko a ɗakin kwano a watan Afrilu, lokacin da zafin Yamai ke haura digiri 40, yana iya kankarewa ko ya dushe ba tare da ko karce ɗaya ba.

Sidi da DVD sun bambanta a wurin rauni. A sidi da VCD bayanan na can sama, dab da fuskar da ake rubutu, fenti ne kawai ya rufe su. Karce ta sama, ko rubutu da biro mai kaifi, ko takardar da aka manna aka ɓanɓare, na cire bayanan har abada, kuma in aka ɗaga faifan a haske ana ganin huda. A DVD bayanan na tsakiyar roba biyu masu kaurin milimita 0.6 kowace, don haka samansa ya fi juriya. Karcen ƙasa kuwa sau da yawa ana iya goge shi. Ana share faifai da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba, domin karcen da ya bi layin rubutu shi ne na'ura ba ta iya cikewa. Kafin a yanke wa faifai hukunci a gwada shi a wata na'ura, don sau da yawa ƙura ce ta rufe idon lezar, mai gyara kuma da ɗan tsinken auduga yake share ta.

Wajen juyewa, masu shago sun kasu biyu. Wasu na mayar da komai MP4 don ya buɗe a kowace waya kuma ya yi sauƙin turawa, wanda buƙata ce ta gaske. Wasu na cewa a kwafi abin da ke cikin faifan yadda yake. Babu abin da ya hana a yi duka biyun, muddin an fara da na biyun. A VCD fim ɗin na cikin jakar MPEGAV, da suna irin AVSEQ01.DAT. A DVD jakar VIDEO_TS ce gaba ɗayanta. Wannan kwafin bai rage komai ba, daga gare shi kuma ana iya yin na waya ko sau nawa. Mayar da VCD zuwa DVD ko zuwa abin da aka rubuta wa HD ba ya ƙara ɗigo ko ɗaya na gaske, nauyi kawai yake ƙarawa. Turawa ta WhatsApp a matsayin bidiyo na sake matse shi, sai in an tura shi a matsayin fayil.

Wanda mai ɗaukar bikinsa ke raye kuma yana ajiya, ya tambaye shi kaset ɗin kyamara. MiniDV na riƙe hoto a megabit 25 a sakan, kimanin gigabait 13 a awa ɗaya, ya ninka VCD ɗin da aka ba ango sau ashirin. Sai dai da yawa sun riƙa naɗa sabon biki a kan tsoho, kuma kyamarorin da ke karanta shi na ƙarewa.

Kile, wato ƴar ma'ajiyar da ake jonawa ta USB, mai gigabait 64 na ɗaukar VCD kusan 80, ko DVD mai hawa ɗaya 13. Amma memori da kile na mutuwa farat ɗaya ba gargaɗi, akwai na jabu da ke nuna girman da ba su da shi, kuma wanda aka jefa a akwati shekaru ba a jona shi ba yana iya zubar da abin da ke ciki, musamman a zafi. Saboda haka masu aikin adana bayanai ke ba da shawarar kwafi biyu a wurare biyu, a kuma bar faifan a gidansa na roba, a tsaye, a ɗakin da ya fi sanyi. Sababbin kwamfutocin hannu ba sa zuwa da wurin saka faifai, don haka mai son yin aikin da kansa zai buƙaci na'urar karantawa ta waje da ake jonawa ta USB, kuma wadda ke karanta DVD tana karanta VCD da SVCD duka.